Dariyar da Na Yi a Karuizawa

Jikata Nana ta dawo daga lakol, wato makaranta, wata rana ranta a ɓace, ta jefar da jakarta a bakin ƙofa. Wata yarinya ce ta kira ta jikar mai dariyar Japan. Ta tambaye ni abin da ake nufi, na ce ta je ta wanke ƙafa ta ci abinci. Ban iya ba ta amsa a tsaye ba, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan babi da hannuna, da rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci bayan na girma, don ku jikokina ku ji daga bakina kafin ku gama ji daga bakin gari. Abin da ake faɗa a Cadawa shi ne, wai an binne mijina ina ƙasar Japan, an sanar da ni, na ci gaba da yawon buɗe ido, har na aiko da dariyata gidan makoki. Dariyar kam na yi ta. An kuma ji ta a gidan makoki. Sanarwar ce ba a yi ba, kuma maza biyun da suka san haka sun zaɓi su yi shiru su bar ni da sunan.

Gidanmu a lokacin gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya, rumbuna a jere. Yaya Mamman, wan mijina, shi ne babba. Shi ke raba aikin gandu, shi ke cewa a buɗe rumbu ko a rufe. Kakanku, wanda nake kira Malam, bai taɓa ƙetare maganarsa ba, ko da a kan ranar shuka ce. Malam mutumin gona ne. Yana noman gero da wake, amma ransa na wajen aya, da ƴan itatuwan gawo da yake bari su tsiro a gona yana yi musu aski kamar ƴaƴansa. Da na haifi ɗana na fari, ranar Juma'a, aka yi yadda aka saba: yana barin nono aka kai shi ɗakin matar Yaya Mamman, can ya tashi. Ni ko sunansa na yanka ba na faɗa, Ɗanjuma nake cewa, in mun haɗu a tsakar gida kuwa sai in kau da kai kamar ban gan shi ba. Haka aka koya mana kunyar ɗan fari, kuma ban ga laifin abin ba a lokacin. Daga baya na gane cewa yaron da ba ki saba kallon idonsa ba, ranar da zai yi miki ƙarya ba za ki gane ba.

Ɗanjuma ya yi karatu, ya tafi Yamai ya karanci ilimin ƙasar noma, daga nan aka ɗauke shi Japan ya ƙaro, ya samu aiki ya zauna. Matarsa Zuwaira Bagobira ce ta Gidan Rumji, doguwa, mai magana kai tsaye, uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Da haihuwarta ta fari ta matso babu mai yi mata wankan jego, sai ya nema mini takardu. Damina ta faɗi, ana noman fari. Na ce ba ni zuwa. Malam yana zaune a kan turmi yana gyara ƙotar hauya, bai ko ɗago kai ba.

"Ki tahi," ya ce. "Ni iyakata Maraɗi da Katsina. Ko ɗayanmu ya ga inda rana take fitowa."

"Wa zai dama maka fura?"

"Rabi tana nan. Furarta ba daɗi, amma ba ta kisa."

Rabi ƙanwarsu ce, ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ta jiyo shi daga madafa, ta ce in ya ƙara sai ya sha ruwan rijiya har in dawo. Ranar tafiya ya raka ni bakin gudro, wato titin kwalta, ya ɗora mini balis ɗin kayana a mota da kansa, ya gaya wa direba a ba ni wajen taga don ba na son zafin inji. Kafin motar ta tashi ya riga ya juya ya nufi gona, hauya a kafaɗa. Bayansa na gani, da facin da na yi masa a kafaɗar riga.

Ba zan tsaya a kan Tokyo ba. Ɗaki ne ƙarami a saman wani dogon gini, da zafi mai laima irin wanda ba mu da shi, kamar mutum yana zaune cikin tukunyar dambu. Zuwaira ta sauka lafiya, na yi mata wanka da abin da ya samu, na dama kunun kanwa da garin geron da na zo da shi. Duk bayan kwana biyu nakan karɓi wayar Ɗanjuma in yi saƙon murya, in tsaya a kansa har sai na ga ya danna ya tafi wayar Malam. Sai dai ku lura da wannan, don a kansa aka kama ni. Na san Malam ba ya jin saƙo shi kaɗai. A tsakar gida yake kunnawa, Yaya Mamman na ji, yara na ji. Saboda haka ban taɓa cewa "Malam" a ciki ba. Mutanen gida nake cewa, ko mutanen Cadawa. Shi ya san da wa nake.

Da aka yi arba'in, Ɗanjuma ya ce kafin in koma zai kai mu wani gari a kan tudu inda mutanen Tokyo ke zuwa shan iska in zafi ya matsa musu. Karuizawa sunansa, sai da na yi ta maimaitawa kafin harshena ya kama. Muka shiga jirgin ƙasa mai gudun da gidaje ke wucewa kamar ana yayyafa su. Da muka sauka, iska ta doke ni kamar an buɗe sabuwar randa. Ban taɓa ganin itatuwa irin waɗannan ba, dogaye, miƙaƙƙu, babu ƙaya ko ɗaya, ƙarƙashinsu gansakuka ta rufe ƙasa da duwatsu kamar an shimfiɗa darduma. Cikin itatuwan akwai gidaje masu kyau, da yawa a kulle, wai masu su sai lokacin zafi suke leƙowa. A bayan garin ga wani babban dutse, aka ce akwai wuta a cikinsa. Masaukinmu na katako ne, ana cire takalmi a ƙofa kamar masallaci, ana kwana a ƙasa bisa tabarma, mai gidan wata tsohuwa ce ƴar ƙarama da ba ta wuce mutum sai ta rusuna. Na ce a raina waɗannan mutane sun san tarbiyya.

Da yammacin ranar, ina zaune a barandar masauki riƙe da jinjiri, wayar Ɗanjuma ta yi ƙara. Ya duba, ya sauka cikin itatuwa. Ina hango bayansa. Ya daɗe a tsaye, sai ya tsuguna, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Da ya dawo na tambaye shi, idona a kan jinjiri kamar yadda na saba.

"Lahiya?"

"Lahiya lau, Inna. Maganar buro ce, wajen aikinmu."

Abin da ya faru, wanda ban ji ba sai daga baya, shi ne wannan. Da hantsi a Cadawa Malam ya faɗi a gonar aya. Aka ɗauko shi a amalanken jaki za a kai shi likita, bai kai ba. Yaya Mamman ne ya kira. Ya ce wa Ɗanjuma kada a gaya mini. Wai ina da tansiyo, wato hawan jini, wai ba a faɗa wa matafiyi mutuwa, wai kwanakin komowata sun kusa, a bari in iso gida a gaya mini cikin ƴan'uwa. Ya ce a ci gaba da komai yadda aka shirya don kada in yi zargi. Ɗanjuma ya ce to. A daren nan aka kawo mana taliya mai sanyi da soyayyen kifi, na ci na ƙara, ina yi wa Zuwaira tsiya a kan yadda take riƙe tsinkayen cin abinci. A daidai lokacin ake zuba wa mijina ƙasa.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini wuya. Na ji daɗin garin. Ba zan ɓoye ba don a tausaya mini. Ban taɓa samun kwanaki irin waɗannan ba tun da aka kai ni ɗakin miji, ba daka, ba ɗiban ruwa, ba hayaƙi a ido. Washegari na ɗaura jar atamfata, na sa kwalli, na shafa turare, lallen suna bai gama fita daga hannuna ba. Muka je bakin wani tafki da itatuwa ke kwance a cikin ruwansa kamar madubi, agwagi na yawo a kai. Mutane na wucewa a kan kekuna, tsofaffi da yara, ba mai ɗaga murya. Sai ga wata mata tana tura keken jarirai. Na matsa in yi mata barka, na leƙa, ashe kare ne a ciki, an sa masa riga mai maɓalli. Dariya ta kama ni har na riƙe ciki. Na ce wa Ɗanjuma ya ɗauke ni a bidiyo. Ya ce rezon waya ba kyau a kan tudu. Na ce ya ɗauka dai, in rezo ya zo ya tafi. Ya ɗaga wayar, na gyara kallabi, na ce:

"Ina gaida mutanen Cadawa, masu fama da laka da sauro! Ku dube ni nan. Ni dai na samu gari, har karnuka riga suke sawa. Kada ku jira ni da tuwo!"

Na ƙara fashewa da dariya, na juya don a ga atamfar. Na tsaya a kansa har ya danna. Ya riga ya rufe rezon wayar ba tare da na sani ba, da niyyar in na ba da baya ya goge. Bai goge ba. Kansa ba ya tare da shi, masu ta'aziyya na nemansa, washegari ya koma gefe ya buɗe rezo, saƙon ya tafi.

Aka kai ni wani wuri inda ruwa ke fitowa daga jikin dutse siri-siri kamar an rataye zaren saƙa a jere. Aka kai ni wurin ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, na ƙi tuɓewa gaban mutane, na tsoma ƙafafuna kawai, ciwon gwiwata ya lafa. A titin kantuna na ga wani ƙaramin zarto mai lanƙwasa na yanke reshe, na ce wannan na Malam ne, gawonsa sun samu wanzami. Ɗanjuma ya karɓa ya kai wa mai kanti, aka naɗe a takarda mai kyau, ya miƙo mini da hannu biyu. Na lura ba ya cin abinci, na lura yana daɗewa a sujada. Na lura idon Zuwaira ya yi ja tun daga yini na biyu, don a lokacin ya gaya mata. Na ɗauka faɗa suka yi. Har na ja ta gefe ina yi mata nasiha a kan haƙuri da miji, ina ba ta misali da zamana da Malam. Tana sauraro tana cizon leɓe. Ku duba irin abin da suka bari na yi.

Safiyar da za mu hau wani tudu a hango duwatsu, na zauna gaban madubi na buɗe tandun kwalli. Ɗanjuma na waje yana ɗaura takalmi. Na ɗaga tsinken kwallin zan kai ido, sai na ji an riƙe mini hannu. Zuwaira ce. Ba ta taɓa taɓa ni haka ba. Riƙon ya yi ƙarfi har ya yi mini zafi.

"Inna, kak ki sa."

"Don mi?"

"Kak ki sa, Inna. Bai halatta gare ki ba. Da kwallin, da turaren, da wagga atamfa. Ni dai na gaji, Allah na gani na."

Babu macen da ta kai shekaruna da za a gaya wa haka ta nemi ƙarin bayani. Mace ɗaya ce ake hana wa kwalli da turare, wadda ta shiga takaba. Na ajiye tsinken a hankali don kada ya ɓata tabarmar mutane. Na yi salati. Na tambaye ta yaushe. Ta ce tun ranar da muka iso.

Sai na kira shi. Da sunansa na yanka na kira shi, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa. Ya shigo da takalmi ɗaya a ƙafa. Na dube shi cikin ido, shi ma karo na farko, na ga ashe idon ubansa gare shi.

"Ka san ubanka na cikin ƙasa, ka ɗaga waya kana ɗaukar dariyata?"

"Inna, Baba Mamman ne ya ce..."

"Mamman ne ya riƙe wayar?"

"Mun ji tsoron tansiyonki. Na ce ko ƴan kwanakin nan ki samu ki huta, tunda abin da ke gaba..."

"Wa ya ba ka kwanakin da za ka ba ni? Na mijina ne. Nasa ne, ka ɗauka ka kai ni kallon agwagi."

Ya durƙusa yana kuka. Ban rarrashe shi ba. Na cire atamfar, na wanke fuskata da hannuwana har fata ta yi zafi, lallen dai ya ƙi fita. Babu tufafin da ya dace a balis ɗina, duk na ado na ɗebo, sai Zuwaira ta ba ni wani tsohon zanen goyo mai duhu na lulluɓa. Na tambayi alƙibla na zauna. A gida da tuni mata sun cika ɗaki, wannan ta riƙe ni, wannan ta ce Allah ya ji ƙansa, wannan ta tuna mini wani alherinsa. A nan ba kowa sai mutum biyu da suka yi kwanaki suna kallon bakina yana dariya. Tsohuwa mai masauki ta leƙo, ta ga yanayinmu, ta koma ta kawo shayi, ta zauna nesa kaɗan da ni a kan gwiwoyinta. Ita ce ta fara yi mini zaman makoki, kuma ko sunan mamacin ba ta sani ba. Ta taga ina ganin itatuwan nan, suna nan da kyansu yadda suke jiya. Na tsane su. Zarton kuwa a ɗakin na bar shi cikin takardarsa.

Ɗanjuma ya rako ni har gida. Tun a ƙofa na ji wani abu ya canza. Mata suna shigowa gaisuwa, amma gaisuwar gajera ce, ba a zama, ana fita ana haɗa kai. Maƙwabciyar da muka yi shekaru muna aron turmi ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce "ya haƙuri" ta juya. Rabi takan ajiye mini abinci ba ta dube ni ba. Na yi kwanaki ina ɗauka baƙin ciki ne ya sa, har na kasa, na riƙe mata zane.

"Rabi, mi na yi miki?"

"Ni? Ba ki yi mini komi ba. Ai kin samu gari."

Sai ta zazzage mini. Wayar Malam tana hannunta ranar sadakar uku, ɗaki cike da mata, har da na Gangara garinmu da na Gazawa. Saƙo ya shigo daga Japan. Ta ɗauka kukana ne na aiko, ta ce kowa ya yi shiru ga muryar Habsatu, ta ɗaga wayar sama don na baya su gani. Suka ga jar atamfa, suka ji ana gaida masu fama da laka da sauro. Da na ce "Malam" a ciki, da sun gane ban sani ba. Ta ce wata tsohuwa ta tashi ta ɗauki takalminta ta fita ba ta yi sallama ba.

"Ban sani ba, Rabi. Wallahi ba a gaya mini ba."

"Yaya ya ce an gaya miki. Gaban liman ya faɗa, ranar jana'iza. Liman ya ce a gaggauta sanar da ke don takabarki ta fara, Yaya ya ce an riga an yi. Yaya ne zai yi ƙarya?"

Na aika a kira mini su biyun. Na lulluɓa na zauna daga cikin ɗaki, Yaya Mamman ya zauna a kujera bakin ƙofa, Ɗanjuma ya tsuguna kusa da ƙafarsa. Na ce ba na neman komai sai abu ɗaya, Yaya Mamman ya gaya wa mutane cewa ba a sanar da ni ba. Ɓoye wa matafiyi mutuwa ba sabon abu ba ne, kowa zai gane.

"Habsatu, tausayinki muka ji," ya ce. "Da kin faɗi can fa? Gawa biyu za mu yi?"

"Na gode da tausayi. Yanzu ka tausaya mini ka buɗe baki."

"Na riga na yi magana gaban liman da dattawa. In koma in ce mi? Da furfurata? Maganar mata ce, kwana nawa za ta yi? Ki yi haƙuri, za ta mutu da kanta."

Na juya wajen ɗana. Kansa na ƙasa, yana zana ƙasa da tsinke.

"Kai fa?"

"Inna, ki yi haƙuri. Za ta wuce."

Ya koma Japan. Maganar ba ta wuce ba. Na yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki ina jin ta tana yawo a bayan danga, wajen rijiya, wajen injin niƙa. Aka yi girbi, aka haƙe ayar da Malam ya shuka, aka ƙona ciyawarta, aka tankaɗe, ina jin ƙanshin hayaƙin daga ɗaki. In Ɗanjuma ya kira, sai in ce a gaya masa ina salla. Malaman da na tambaya sun ce babu laifi a kaina, wanda bai sani ba ba a kama shi. Na san haka. Amma ba malamai ke zuwa rijiya ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, a maimakon in zauna in tuna mijina, sai na wayi gari ina tsara abin da zan ce wa mutane. Har wannan ma sun ƙwace mini.

Ranar fitar takaba sanyi ya shigo. Aka soya waina, aka yi gumba ta sadaka, mata suka taru a tsakar gida, don ko ba a son mutum ana zuwa wannan. Maza na zaure tare da Yaya Mamman, tsakaninmu zana ce kawai. Bayan na yi wanka na sake tufafi, na ce wa Rabi ta kawo wayar Malam ta kira mini Ɗanjuma, ta buɗe murya yadda ta buɗe wancan karon, ta ɗaga sama. Ta kira shi. Na san abin da nake shirin sa shi. Mutumin da ya goya shi, ya kai shi lakol, ya sayar da sa don karatunsa, yana zaune bayan zana. Na sani sarai, kuma na yi.

"Inna? Ina wuni. An fita lahiya?"

"Mata na jin ka, na Cadawa da na Gangara. Baffanka ma na ji. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa don Allah da darajar wanda ke kabari. Ranar da na yi dariyar nan a bakin tafki, na san ubanka ya rasu?"

Rabi ta duba ko wayar ta yanke. Ana jin kukan jinjiri daga can, da muryar Zuwaira ƙasa-ƙasa tana cewa ka faɗa mana.

"Ba ki sani ba, Inna."

"Ɗaga murya. Akwai tsofaffi."

"Ba ta sani ba! Ni na ɓoye mata. Baba Mamman ya ce in ɓoye, na ɓoye. Ni na ɗauki bidiyon ina sane, ita ba ta sani ba."

Daga zaure muka ji an ture kujera, muka ji takun takalmi ya fita. Rabi ta sauke hannunta, ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ja gyale ta rufe fuska.

Kafin watan ya ƙare magina suka zo. Aka ja katanga ta raba tsakar gida biyu, aka fasa mana wata ƙofa ta baya, aka raba rumbuna, aka raba gandun da tun zamanin kakansu ba a taɓa sa masa iyaka ba. Yaya Mamman bai ƙara amsa gaisuwata ba, bai kuma ƙara ɗaukar wayar Ɗanjuma ba har ya koma ga Allah. Rabi ta zaɓi ɓangarena, ta rasa ɗan'uwanta na ƙarshe saboda haka, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. Waɗanda ke wurin ranar sun gaskata. Waɗanda ba sa nan, da yawansu sun riƙe labarin farko, don ya fi daɗin faɗa. Wasu kuma suka samu sabon abin cewa, wai na tozarta dattijo gaban mata na raba gida. Wannan ban musa ba. An ba ni zaɓi tsakanin gida ɗaya da sunana, wanda ya ba ni zaɓin kuwa da kalma ɗaya zai iya hutar da ni daga zaɓin.

Ɗanjuma ya zo bayan rasuwar baffansa. Ya je kabarin, ya dawo, ya same ni ina tsince wake a inuwar sabuwar katanga. Furfura ta fara fito masa. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce ya rasa uba biyu, ɗaya bai binne shi ba, ɗaya ya mutu yana fushi da shi, ba ya so ya rasa uwa kuma. Ya ce in yafe masa.

Na ce masa ɓoyewar na yafe tun a jirgi, yaro ne aka ba umarni cikin ruɗu. Amma ranar da ya tsuguna a ƙofar ɗakina yana zana ƙasa, ya san gaskiya, ya san abin da ake kira na, ya ce mini za ta wuce, wannan ina nan ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa. Ya ce zai jira. Na tura masa faifan waken, ya matso, muka ci gaba da tsincewa.